Mai-Kwalba da Ruwan Farko

Shekarar da ruwa ya yi gyara a Adar, har gulbin Majiya ya cika ya raba mu da garin Buza kwana da kwanaki, katangun laka suna narkewa kamar dawon fura a cikin nono, a shekarar nan ne labarin rasuwar Mai-Kwalba ya iso mu. Ina farawa da sunan Allah, wanda yake saukar da ruwa gwargwadon yadda Ya so, kuma Ya san adadin ɗigonsa ba tare da ma'auni ba.

Da hantsi ne, ina zaune a zaure ina ɗinke bakin gafaka, salula ta yi ƙara. Tsohon kukunsa ne, wanda yanzu yake zaune a Madawa wurin jikokinsa.

"Malam, zaune kake?"

"Zaune nike."

"To, Mai-Kwalba ya riga mu. Ɗiyarshi ta kira ni jiya."

Na yi salati, na ajiye allura. Ya ce tsohon ya cika a ƙasarsu, a kan gadonsa, bayan ya haura tasa'in. Har na fara yi masa godiya zan kashe, sai ya ce in dakata.

"Akwai saƙo. Ya bar wasiyya a maida ma kowane gari kayenshi, littafin awon ruwa, a hannun wanda ya rubuta. Naka na bisa hanya. Ɗiyar ta ce in gaya maka ka duba shekarar fari ta biyu, akwai abin da ya rubuta maka a ciki."

Tun daga wannan magana abinci ya daina yi mini daɗi.

Ga wanda bai san shi ba: limamin Kirista ne, irin waɗanda ake ce wa fasto, mutumin wata ƙasa mai sanyi da ake kira Sikotlan. Ya sauka Madawa ina saurayi, bayan babban fari na farko, ya zauna cikinmu shekara ashirin da 'yan kai. Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya gagari harshenmu. Da yake duk ƙauyen da ya shiga sai ya kafa gungume ya ɗora wata kwalba mai zane-zane da mazurari a bakinta don auna ruwan sama, tun daga kewayen Madawa har tuddan Ibohamane, sai aka sa masa Mai-Kwalba. Ya karɓi sunan, har da shi yake sallama.

Bayan azahar na faɗi labarin a ƙofar masallaci. Limaminmu na yanzu bai san shi ba, amma ya yi magana mai kyau. Ya ce ba mu yi masa salla, lamarinsa yana wurin Ubangijinsa, amma babu inda aka hana mutum ya tuna alherin da aka yi masa. Wani dattijo daga zuriyar aznan garinmu, wanda ya daɗe da musulunta, ya ce shi kaɗai ne baƙon da ya taɓa zama gaban kakansa ya tambaye shi yadda yake gane zuwan damina daga tohon itatuwa da tafiyar tururuwa, ya rubuta, bai yi dariya ba. Da labarin ya shiga cikin gida, gwaggona ta fashe da kuka. Shi ya ɗauke ta a motarsa zuwa asibiti ranar da haihuwa ta zo mata da gardama, kuma ɗan da ta haifa ran nan yau yana da furfura.

Sai yayana ya yi gyaran murya. Ya girme ni da shekara shida, idanunsa sun dushe, ƙafafunsa sun kumbura, amma muryarsa tana nan yadda take.

"Allah shi ji ƙan musulmi," in ji shi. "Wanga mutum kuwa ya ci mini irina, ya raba ni da ubana. Ban da abin cewa."

Tsofaffi sun san zancen, yara kuma sun ji shi a bakinsa sau ba adadi. Na sunkuyar da kai ina jan carbi. A duk cikin taron, ni kaɗai na san ba Mai-Kwalba ne ya ci irin ba. Shekara arba'in ke nan ina ɗauke da wannan, kuma mutumin da ya kamata in nemi gafararsa ya tafi inda ba a aika saƙo.

Bari in faɗi yadda yake tukuna, kada laifina ya rufe shi.

Dogo ne siriri, fuskarsa kullum ja kamar wanda ya taso daga bakin murhu. Hausarsa ta littafi ce, irin ta Kano, sai mata su riƙa sa shi maimaita magana don su yi dariya, shi kuwa ya maimaita. Zaman tabarma bai taɓa iya shi ba, gwiwoyinsa suna tsaye kamar na fara. In don aikin da aka aiko shi ne, ba zan ce ya ci riba a garinmu ba, ko mutum ɗaya bai bi shi ba. Ranar farko da ya zo, mahaifina, wanda shi ne liman a lokacin, ya ce masa: "Ruwan sha da tabarma naka ne duk ran da ka zo. Addini kuwa muna da namu." Ya ce, "Na gode da tabarmar." Ya ci gaba da zuwa har ƙarshe. In lokacin salla ya yi sai ya koma gindin bedi, itacen dogon yaro, ya buɗe nasa littafin, ya jira mu.

Yakan ce a ƙasarsu ruwa na sauka kusan kullum, har mutane su riƙa ƙorafi. Gwaggo ba ta yarda ba. Ta ce, "In haka ne, mi ya kawo ka nan?" Ya ce, "Shanya na zo yi, Gwaggo."

Yana hawa dabagi, tudun duwatsun bayan gari, da 'yar guduma, ya dawo aljihunsa cike da duwatsu. Wata rana ya ajiye ɗaya gaban mahaifina, dutse ne sosai amma da siffar katantanwa, naɗe kamar gammo.

"Liman, wurin nan teku ne a da."

Mahaifina ya juya dutsen a tafin hannu. "Ɗufanar Annabi Nuhu ke nan."

"Littafina ma ya faɗi ɗufana. Amma a ganina wannan dutse ya girmi Nuhu da nisa."

"Kana wurin?"

"Ba na wurin."

"Ni ma haka. Sha furarka."

Suka yi wannan gardama shekara da shekaru, ba wanda ya ja baya, ba wanda ya ɗaga murya. Da dutsen mahaifina yake danne takardunsa, yanzu kuma da shi nake danne nawa. Na taɓa tambayar Mai-Kwalba me ya haɗa malamin addini da duwatsu da ruwa. Ya ce wanda ya ba ka kyauta yana so ka buɗe ta ka duba.

Maganar da ta fi yawa a bakinsa ita ce, "Mu auna tukuna." In aka ce rijiya ta ja baya, mu auna tukuna. In aka ce bana ta fi bara zafi, mu auna tukuna. A lokacin yunwa da ya samo hatsi, da kansa ya riƙe tiya, ya ba gidan liman abin da ya ba gidan azna, bai tambayi kowa inda yake fuskanta ba.

Da zai kafa kwalba a garinmu ya nemi mai rubutu. Lekol, wato makarantar boko, ba ta zo mana ba tukuna. Mahaifina ya nuna ni, ya ce ƙaramin ɗansa ya iya alƙalami. Mai-Kwalba ya dubi ajamina ya ce bai iya karantawa ba, amma zai koya. Muka yi musaya: ni ina koya masa baƙaƙe, shi yana koya mini karatun zanen kwalba. Hannunsa kullum yana son farawa daga hagu, rubutunsa kuma kamar sawun kaza a kan yashi, amma ya iya. Ya ba ni kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan lekol, ya kafa mini sharaɗi uku. Ka karanta kafin ka zubar. Ka durƙusa idonka ya yi daidai da ruwan. In ba ka sani ba, ka rubuta ban sani ba.

"Ban-sani-ba ma lissafi ne, Malam," in ji shi.

Amfanin kwalbar a wurinmu ɗaya ne, sanin ruwan shuka. Ya lura cewa in ruwan farko ya kai zane na ashirin, ƙasa takan riƙe danshin da zai raini tsiro har wani ruwan ya zo. Manoma kuwa suna da nasu awon tun kaka da kakanni: a je gona a tona da hannu, in danshi ya kai wuyan hannu a ɗauko sungumi. Shekara bakwai awon biyu suna tafiya tare, har mutane suka fara barin tona ƙasa, suna tambayata abin da kwalba ta ce. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan tambaya.

Sai shekarar fari ta biyu ta zo. Rumbuna sun ƙare tun kafin bazara. Abin da ya rage a gidanmu zangarniyar iri ce kawai, rataye a ɗakin mahaifina, yana kwana da ita don kada yunwa ta sa wani ya taɓa. Ga Inna, mahaifiyarmu, kwance da zazzaɓi mako na uku, ba ta iya ɗaga kai. Mahaifina ya yi mata rubutu a allo ya jingine. A gidanmu akwai al'ada tun daga kakanmu: rubutun mai jinya mai tsanani, in damina ta kusa, da ruwan farko ake wanke shi, wanda bai taɓa ƙasa ko rufin ɗaki ba.

Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas. Iska ta riga ruwa, ta cika ƙoren da mata suka jera a tsakar gida da ƙasa da yayi. Aka yi tsawa mai yawa, ruwa ya zuba da ƙarfi, kafin a jima ya ɗauke. Mahaifina ya leƙa ƙoren ya ga laka, ya ce, "A samo mini mai tsabta." Ban tsaya tunani ba. Na ruga wurin gungume, na zare kwalba, na juye ta a kan allo. Aka ɗaga kan Inna ta sha. Sai da na ga kwalbar wayam a hannuna na tuna ban duba zane ba.

Na zauna da kaye a kan cinya. Kalma uku ce kawai, ban sani ba, kuma shi da kansa ya ba ni izinin rubuta su. Amma shekara bakwai ban taɓa rubuta su ba. Na ji kunyar a ce ɗan liman ya yi wasa da amana. Na dubi tsakar gida na ga ruwa kwance a 'yan ramuka, na tuna ƙarar tsawa, na ce a raina ai ya kai. Gaskiyar magana, so nake ya kai. Na tsoma alƙalami a kurtu na rubuta ashirin da biyu.

Washegari da safe sai ga Mai-Kwalba a kan moto, wato babur, ya ga hadarin ya nufo wajenmu. Magidanta suka taru a ƙofar gidanmu. Yayana ya riga ya je gona ya dawo, ƙasa a hannunsa.

"Bai kai ba," in ji shi. "Iyakarshi gaɓar yatsa. Ƙasa da nan ƙura ce."

Mai-Kwalba ya buɗe kaye ya duba. "An rubuta ashirin da biyu. Gonarku tudu ce, wataƙila inda ka tona ruwan ya gangare."

"Wuri ukku na tona."

Ya juyo ya dube ni. "Malam, ka karanta da idonka?"

"Na karanta," na ce.

"To, ni dai in nawa ne, zan shuka."

Yayana ya ce, "Baba, in munka zuba wanga iri ya mutu, ba mu da wani." Mahaifina ya dubi ɗansa mai ƙasa a hannu, ya dubi ɗansa mai alƙalami, ya dubi baƙon da bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ce a sauko da zangarniya. Gida bakwai suka bi mu.

Gero ya tsiro, kore shar, har mutane suna yi mini barka. Sai sama ta rufe. Kullum da safe ina zuwa wurin kwalba in same ta a bushe, in ɗaga kai in duba gabas. Na yi roƙon da ban taɓa yin irinsa ba, ba don gari ba, don kaina. Kusan mako uku ba ɗigo. Tsiron ya lanƙwashe, ya yi ja, iska ta kwashe shi.

Ranar kasuwar Tabotaki yayana ya sami Mai-Kwalba a gindin gawon da 'yan hatsi suke zama. Ya ɗebo busasshen tsiro a aljihu ya zube masa a ƙafa, gaban mutane.

"Ga aikin kwalbarka. Ka zo daga ƙasar da ba a san yunwa ba kana wasa da cikin mutane. Maƙaryaci."

Ina tsaye taku biyar daga wurin. Mai-Kwalba ya cire malafarsa, ya sunkuya ya tsince tsiron ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ni na ce a shuka. Ka faɗa mini gaskiya, ban saurare ka ba." Bai dubi inda nake ba.

Daga baya ya samo wani iri mai saurin nuna ya raba wa gidanmu da gidajen nan bakwai, aka ɗan tsira da abin da aka tsira da shi. Yayana ya ce ba zai taɓa ƙwaya ɗaya ba. Ya ɗaure ƙunshinsa ya tafi Kurmi, ƙasashen kudu, neman abin da zai aiko. Ya yi niyyar rani ɗaya, ya yi shekara tara. Yana can mahaifinmu ya rasu, bai ga gawarsa ba. Inna kuwa ta tashi daga wannan ciwo, ta ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya.

Mai-Kwalba bai karɓe mini aikin ba. Abu ɗaya ya ƙara: duk ran da aka yi ruwa, bayan na karanta kwalba, in je gona in tona in rubuta inda danshi ya kai. In kaye ya cika sai ya karɓa ya ba ni sabo. Bai sake tambayata ko na karanta da idona ba, kuma rashin tambayar ya fi tambayar yi mini ciwo. Ranar da zai koma ƙasarsu na bi shi har tashar Madawa da niyyar in faɗa masa. Na riƙe hannunsa, bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Allah shi kiyaye hanya." Ya ce, "Amin. Ka gai da yayanka."

Wannan shi ne abin da ke cikin shekarar fari ta biyu, shekarar da aka ce in duba.

Saƙon ya makale a Madawa saboda ruwa ya yanke hanya. A cikin kwanakin nan katangar ɗakin yayana ta faɗi, Allah Ya kiyaye yana waje, na dawo da shi gidana. Sai ya zama kullum yana gabana. In ya yi tari mai tsawo sai in bar abin da nake yi in saurara har ya numfasa. Ina tsoron ya tafi ban faɗa masa ba, ina kuma tsoron in faɗa masa ya tafi da fushina. Na yi shekaru ina karantar da mutane azabar mai ha'inci a awo, ina kallon 'yan kasuwa, ni kuwa da alƙalami na yi nawa. Matata ta ce, "Malam, rasuwar nasara ce ta hana ka cin tuwo?" Na ce ciki ne. In na ji ƙarar moto a bakin gari sai in leƙa waje, in ta wuce kuma sai in ji haushi.

Da ruwa ya janye, wani ɗan kasuwa ya kawo mini ƙunshin, naɗe da leda. Kaye ne fiye da ashirin, an ɗaure da zare, suna warin ɗakin da bai san rana ba. Na shiga zaure na sakaya ƙofa. Ban nemi shekarar ba, hannuna ya san ta.

Ga ashirin da biyu da tawadata, ta koɗe ta zama ruwan ƙasa. An ja mata layi ɗaya da fensir. A gefe, da ajamin nan nasa mai kama da sawun kaza, ya rubuta:

"Inna ta yi mini godiya. Ta ce ruwan kwalbata ne ya tashe ta. Na gane. Wannan lamba ba ta shiga lissafina. Ban faɗa ba, domin magana ce tsakanin wa da ƙane, kuma ni ma na ƙi jin hannun mai gona. Malam, in kayen nan ya dawo gare ka, ka san abin da ya rage."

Na juya shafi. A kan layin da nake rubuta zurfin danshi, tun daga wannan shekara har kayen ƙarshe, ya sa wa layin suna da hannunsa: Hannun Yaya.

Ashe ya sani. Ya sani lokacin da yake zuwa yana shan furar gidanmu, ya sani a tashar Madawa. Ban san ko ya riga ya sani ranar da yake tsince tsiro a ƙafarsa ba, wannan ya tafi da shi. Tun da ya gane, lambar ƙarya bai bari ta zauna a lissafinsa ko kwana ɗaya ba, amma sunan maƙaryaci ya bar shi a kansa har kabari.

Na fito na tarar da yayana a rumfa yana shan hantsi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa.

"Yaya, zan karanta maka wani abu."

"In na wancan mutum ne, riƙe abinka."

"Nawa ne."

Na faɗa masa tun daga allo har alƙalami, ban rage ba, sannan na karanta masa abin da ke gefen shafi. Ya ce in sake karantawa. Na sake.

"Da ka ce mini don Inna ne," in ji shi a hankali, "da ni da kaina zan juye kwalbar. Ba ruwan ba ne. Kana tsaye a kasuwa ran nan?"

"Ina tsaye."

"Ka ji abin da na ce mishi?"

"Na ji."

"Baba ya rasu ba ni nan."

Ya lalubi sandarsa, na miƙa hannu zan tashe shi, ya ture. Ya shiga ɗaki. Kwana huɗu bai yi mini magana ba. Matata ke kai masa abinci, in na yi sallama sai ya amsa sallamar kawai, don ita wajibi ce. Na riƙa zama a bakin ƙofarsa ina sauraron numfashinsa.

Ranar kasuwa da safe ya kira ni da sunan da yake kirana muna yara. Ya ce in ɗaura wa jaki amalanke. Na ce ƙafafunsa ba za su jure hanya ba. Ya ce bai tambaye ni ba.

Gawon yana nan, 'yan hatsi suna nan a gindinsa, sai dai duk jikokin na da ne. Na sauko da shi ya tsaya dogare da sanda. Ya ɗaga murya har masu awo suka dakata.

"Jama'a, a wanga wuri na ce ma wani bature maƙaryaci. Ba maƙaryaci ba ne. Na janye."

Wani mai gero ya ce, "Wane bature, Baba? Yaushe anka yi haka?"

"Ba a haifi ubanka ba. Ka dai ji na janye?"

"Na ji, Baba."

"To ka zama shaida."

Aka yi 'yar dariya, awo ya ci gaba. Bai ambaci sunana ba. Na yi niyyar in yi magana, ya dafa kafaɗata ya ce in mayar da shi bisa amalanke.

A hanyar dawowa muka biyo ta gonar mahaifinmu. An yi ruwa shekaranjiya, gero ya fi mutum tsayi. Ya ce in tsaya, in sauke shi. Na riƙe shi ya durƙusa da ƙyar a bakin kunya. Ya naɗe hannun riga ya tura yatsunsa cikin ƙasa, yana yaƙuta, yana turawa, har hannun ya nutse.

"Kayen na wurinka?"

Yana wurina, tun ranar da ya zo ban rabu da shi ba. Akwai shafin da ba a cika ba a ƙarshe, akwai fensir a aljihuna.

"Rubuta a layina. Ya kai gwiwar hannu."

Na rubuta.

"Ƙasa da shi ka rubuta: Yaya ya yafe."

Na rubuta, na karanta masa. Ya zaro hannunsa daga ƙasa ya miƙo mini, jiƙe da laka har gwiwa.

"Ka gani da idonka?"

"Na gani, Yaya."

"To rufe kaye, tashe ni mu tahi gida."